Shiga Ɗaya

Liyon, Faransa, 26 ga Nuwamba 1984

Zuwa ga ɗiyata Tanna, malama a lakwal ɗin Kanan Bakashe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'yan ajinki, waɗanda fari ya rage miki. Yaya uwarki, ƙanwata Zara'u? Ni da sauƙi, alhamdu lillahi, sai dai sanyi irin wanda ba mu da sunansa a Hausa.

Bari in fara da gyara, kin san halin tsohon darekta. Tun ranar da na faɗi gaban tablo a Korgom da alli a hannu, mutane ke cewa ciwon zuciya ya kama Mushe Gazali, yadda suke kiran malamin lakwal, wai baƙin cikin ganin yara ɗari da goma sha biyu sun koma talatin, iyaye sun yi kudu da su neman abinci. Na san kin ji, wataƙila ke ma haka kika ɗauka. Laifin kalmar ne. Da ita muke kiran baƙin ciki, da ita muke kiran fushi, da ita kuma muke kiran ciwon tsokar nan da ke bugawa cikin ƙirji. Baƙin cikin kam ina da shi. Amma na'urar likitoci ba ta gan shi ba. Abu biyu ta gani.

Na farko: zuciya, duk da ita ke raba wa jiki jini, ita ma tana da nata ƙananan jijiyoyi da ke shayar da ita, kamar hanyoyin ruwa a lambu. Biyu daga cikin nawa sun cushe, jini na wucewa da ƙyar. Shi ne abin da ke matse mini ƙirji in na yi sauri.

Na biyu ya fi ba ni mamaki. Ki ɗauki zuciya gida ce mai ɗaki huɗu, biyu sama, biyu ƙasa. A bangon da ya raba na saman nan akwai huji, kuma da shi aka haife ni. Shekara arba'in da tara jini na ratsawa ta nan yana komawa inda ya fito, ɓangaren dama yana aikin mutum biyu, har ya kumbura. Na sa miki takardar likita cikin ambulan ɗin nan, za ki ga sunan da suke kiran hujin da Faransanci.

Sun aje mini hanya uku. Ko in karɓi ƙwayoyi in dawo gida, in rayu a hankali iyakar abin da Allah ya ƙaddara. Ko su zura wata siririyar roba ta cinya har zuciya, mai ɗan balan-balan a baki, su hura ta buɗe jijiyoyin, a bar hujin sai wani lokaci. Wannan sabuwar dabara ce, ba a tsaga ƙirji, amma jijiyar na iya sake cushewa, hujin kuma yana nan yana cin ƙarfina. Ko kuma su buɗe ƙirjin, su tsai da zuciya, na'ura ta riƙe mini jini da numfashi, su ciro jijiya daga ƙafata su yi wa wuraren da suka cushe gada, su kuma ɗinke hujin, duk a zama guda. Saurayin likitan ya fi son ta biyu. Tsohuwar da ke shugabantar su ta fi son ta uku, ta ce in an bar hujin, wata rana dole a buɗe ni, kuma ranar zan fi yau tsufa. Ta kuma faɗa mini gaskiya, akwai waɗanda ba su farkawa.

Ni kuwa, Tanna, tsoro nake ji. Raina ya fi karkata ga ta biyu, amma ban sani ba ko hankali ne ke magana ko tsoro.

Ga aikin da zan ba ki. Ki je Hawandawaki, ki zauna gaban Inna, ki karanta mata wannan a hankali, yadda na koya miki karanta wa 'yan aji ɗaya. Ba zan sa hannu a tsaga ni a ƙasar da ba ta da kabarin kowa nawa ba, sai uwar da ta haife ni ta sani, ta yafe mini, ta faɗi nata. Takardar zamana a nan za ta ƙare ran 15 ga Janairu. Kafin ranar, ko aiki ko jirgi.

Ban san ko lakwal ɗinku na buɗe ba, shi ya sa na aiko ta akwatin gidanmu na gidan waya a Tasawa. Yaya Lawali ke riƙe da makulli, zai kawo miki. Ki gaishe shi. Ki gaida matata Maimuna da yara in kin bi ta Korgom, ki ce mata ina cin abinci.

Kawunki,
Gazali Yakubu

*

Liyon, 22 ga Disamba 1984

Ɗiyata Tanna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, da Inna, da kowa. Ni jikin ya ɗan ja baya. Shekaranjiya ƙirjin ya matse ni ina zaune, ba tafiya nake ba, sai da suka sa mini ƙwaya ƙarƙashin harshe.

Kwana ashirin da shida ke nan. Wani ɗan Damagaram da muke ɗaki ɗaya ya rubuta gida bayana, har amsa ta zo masa. Kullum mai rabon wasiƙu ta shigo sai in gyara zama, ta yi mini murmushi ta wuce.

Na yi ta juya shirun nan, na kuma gane shi. Na san Inna. Ba ta taɓa ce mini a'a da baki ba. In ba ta son abu, sai ta juya ta kama tankaɗen gari, ka yi ta tsayuwa har ka gaji ka tafi. Ke kuma na san ki, ba za ki iya rubuta mini cewa ta ƙi ba. To, na ji. Kada ki damu, ba laifinki ba ne, ba kuma nata ba. Wace uwa za ta ce a tsai da zuciyar ɗanta?

Na gaya wa tsohuwar likitar cewa ƙwayoyin zan karɓa, ko robar ma na fasa. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce ba za ta goge sunana daga jerin ba sai safiyar 14 ga wata. Na ce ta goge. Ta ce allonta ne, ba nawa ba. Na yi dariya, don haka nake ce wa yara.

Zan dawo. In shekara biyu ce, in uku, a Korgom zan yi su. Abu ɗaya ke ci mini rai: na so in ga ranar da yaran nan da suka tafi za su dawo aji.

Wannan karon na aiko ta ofishin sufeton lakwal na Mayahi, ko Allah zai sa ta fi sauri. Ki rubuto mini ko layi biyu, ko labarin lambun da na ji an ce kowane lakwal ya yi.

Kawunki,
Gazali

*

Tasawa, 10 ga Janairu 1985

Zuwa ga Kawuna Gazali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Mu duka lafiya muke, Inna lafiya, Maimuna da yara lafiya. Na gajarta gaisuwa, ka yafe, don kan bencin gidan waya nake rubutu.

Kawu, Inna ba ta ƙi ba. Ba ta ma ji ba. Ni ma ban ga takardarka ta fari ba sai jiya.

Ta biyun ce ta iso mini ran Litinin. Na karanta sau uku ban gane ba: wace roba, wane shiru? Na bar ajin hannun darekta, na hau motar kasuwa zuwa Tasawa, daga nan amalanke har Hawandawaki. Na tarar da Kawu Lawali a zaure yana gyaran igiyar guga. Na ce, "Kawu, ina takardar da aka aiko mini daga Faransa?"

Ya ce, "Wace takarda?" Amma sai da ya leƙa waje, dama da hagu.

Na ce, "Wadda ke da sunana a baya."

Ya jawo ni ciki, ya rage murya. "Ke Tanna, kina son aikinki? Kina son uwarki ta kwana gida? To ba ki ga komi ba, ni ma ban gani ba. Ƙanena ya tafi magani ya faɗa hannun mutane."

Ga abin da ya faru. Da ya ɗauko ambulan ya ga tambarin waje, sai ya ce shi ne babba, bari ya duba ko labarin mutuwa ne kafin ya kai wa yarinya. Takardar likita ya fara zarowa. Ka san karatunsa na yaƙi da jahilci ne, manyan baƙaƙe kawai yake kamawa. A sama ya ga hatimi. A tsakiya ya ga baƙaƙe uku an ja musu jan layi biyu: CIA. A ƙasa ya haɗa wata kalma da ƙyar, ta ba shi opération, wadda yake ji a rediyo in sojoji za su fita. Bai ƙara duba komi ba. Ya je wurin abokinsa Na Allah, tsohon soja, ya zana baƙaƙen a ƙasa da tsinke, ya ce wai a jikin wani buhu ya gani. Na Allah ya shafe su da ƙafa, ya ce, "Masu leƙen asirin Amirka ne. Bara an tafi da wani mushen lakwal kan takardar da ba ta kai wannan ba. Ka ƙone buhun."

Bai iya ƙonewa ba, ya ce rubutun hannunka ne. Ka san inda ya sa ta? Cikin rumbu. Ya ce bana ko ɓera bai leƙa rumbu, bare jandarma.

Shi ya hau ya ɗauko. Na buɗe, na karanta layin, sai na zauna a ƙasa ina dariya ina kuka. Na ce, "Kawu, communication interauriculaire! Huji ne a zuciyar ƙanenka!"

Ya ce, "Huji? Ba Amirka?"

Na ce, "Ba Amirka."

Ya ce, "To mi ya sa ba su rubuta huji ba? Mutane da ilimi, su rasa sunan da za su ba ciwo sai na ɓarayin asiri?" Sai da na faɗa masa kwana nawa ya rage, da abin da ka rubuta a ta biyu, ya cire hula ya riƙe. Ban taɓa ganin kansa ba hula ba.

Muka shiga wurin Inna tare. Na karanta mata a hankali, yadda ka ce. Da na kai wurin hujin na tsaya in yi mata bayanin ɗaki huɗu, sai ta ɗaga hannu.

Ta ce, "'Yar lakwal, ni za ki koya wa? Tun yana jinjiri na san da shi. In na kwantar da shi na sa kunne, sai in ji bugu, sannan wani shuu a baya, kamar iska na fita daga salka. Lawali ba shi da shi, uwarki ba ta da shi. Ban faɗa wa kowa ba, kada a sa mishi suna. Kuna tsammani don mi, da mai gari ya ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya lakwal, muka ba da shi? Kunya biyu yake yi a gona ya zauna yana haki. Muka ce wanga ba na hauya ba ne, a kai wa Nasara."

Kawu Lawali ya ce, "Ashe ni ƙarfina ya cuce ni."

Ta ce, "Kai rufe baki, mai rumbu."

Na karanta hanyoyin uku. Ta sa na maimaita ta biyu da ta uku. Ta tambaya, "In sun hura robar, sun gama?" Na ce a'a, hujin na nan, wata rana sai an koma. Ga maganarta, na rubuta yadda ta faɗa:

"Ubansa Yakubu aikin rijiya ya yi har ya mutu. Wata shekara aka kira shi wani ƙauye gabas da Korgom, idon rijiya ya cushe da yashi. Ya shiga ya yashe, ruwa ya kawo. Yana hawowa ya ga bango ya tsage wajen gaba shida. Ya gaji, masu riƙon igiya sun gaji, ya ce a bari sai bayan kaka. Kafin kaka bangon ya zube, ya rufe idon da ya sha wuya a kai. Da ya koma, kwana tara ya yi yana shiga, ƙasa na zubo mishi a ka. Daga ranar, in ya shiga rijiya, da yasa da gyaran bango tare yake yi, ko zai kai la'asar a ciki. Ni kuwa duk ranar da aka zura shi, ba ni ci ba ni sha sai na ji muryarshi a sama. Ki ce wa Gazali na tsufa, ba ni da ƙarfin jira biyu. Shiga ɗaya. Su yashe, su gyara bango, su fito mini da shi. Na yafe mishi duniya da lahira, amma ba yafewar bankwana ba ce, ya ji da kyau."

Takardar nan ba za ta iso maka kafin 14 ba, shi ya sa muka zo buga tangaraho. Kawu Lawali ya ce shi zai tsaya gaban ma'aikacin da kansa. Mutumin ya karanta, ya dube mu ta saman tabarau, ya ce, "Shiga ina? Wa zai shiga?" Kawu Lawali ya ce, "Rijiya ce, ranka ya daɗe. Mu gidanmu daga rijiya sai huji, ba mu san kowa a Amirka ba." Ma'aikacin bai gane ba, amma ya buga.

Allah ya sa ta same ka. Allah ya sa ba ka riga ka hau jirgi a zuciyarka ba.

Ɗiyarka,
Tanna

*

Liyon, 13 ga Janairu 1985

Tanna ɗiyata,

Gaisuwa a gurguje. Ina lafiya gwargwado.

Jiya da hantsi mai rabon wasiƙu ta tsaya a gadona. Ƙaramar takarda ce shuɗiya: INNA TA CE SHIGA DAYA. Tangaraho ba shi da harafin ɗ mai ƙugiya, amma ban ja jan biro ba. Ban san abin da ya riƙe ku kwana arba'in da wani abu ba, na san dai maganar wa ce. Ina da shekara tara lokacin rijiyar nan ta gabas da Korgom. Ni nake zama a inuwa ina ƙirga gugan ƙasa da ake fitarwa, tunda ba ni da ƙarfin ja.

Na nemi tsohuwar likitar. Na fassara mata, na ba ta labarin idon rijiya da bango. Ta saurara har ƙarshe, ta ce shekara ashirin tana neman yadda za ta bayyana wa marasa lafiya wannan, ashe amsar na wurin wata tsohuwa a Nijar. Saurayin likitan ma ya zo, ya ce har yanzu yana ganin robarsa na da amfani ga wasu, amma ga mai huji irin nawa ya bi bayan Inna.

Na sa hannu. Gobe Litinin da safe za a zura ni. Tsoron na nan, amma yanzu na san wanda ke riƙe da igiya.

In an ji shiru, kada kowa ya fassara shi. Ni na fassara naku, na kusa kashe kaina da fassara. Ku jira takarda.

Kawunki,
Gazali

*

Kanan Bakashe, 9 ga Fabrairu 1985

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe ka, ina ƙara gaishe ka. Mu lafiya.

Takardarka ta 13 ta zo, daga nan ba mu sake jin komi ba. Ka ce kada mu fassara, to ba mu fassara ba, amma Inna ta koma rabin kwano. Kawu Lawali kuwa kowace ranar kasuwa yana Tasawa da ƙafa, jakinsa ya mutu tun kaka. Ya rantse ko takardar gwamna ce ba zai buɗe ba.

Yau da azahar sai ga shi a ƙofar ajina, ya yi futu-futu, ya riƙe shuɗiyar takarda da hannu biyu kamar ƙwai. Tun shekaranjiya take hannunsa, bai buɗe ba, bai bari kowa ya buɗe ba, wai sunana ne a kai. Kwana biyu, Kawu! Na ce, "Wannan karon ai da ka buɗe!" Ya ce, "Ke dai ba a iya miki."

Na karanta da ƙarfi gaban yara: NA FITO. IDO YA KAWO RUWA. BANGO YA TSAYA.

Yaran ba su san kowa ba, amma da suka ga dattijo ya durƙusa ya sa goshi a ƙasa, sai suka kama tafi. Gobe da asuba za mu tafi wurin Inna tare. Na ce mu tsaya mu kwana biyu ya huta, ya ce shi ya ɓoye ta fari, shi zai kai ta ƙarshe.

Lambunmu ya yi. Kabeji da salati, da ɗan dankali. Yara goma sha ɗaya sun dawo saboda shi.

Ɗiyarka,
Tanna

*

Hawandawaki, 18 ga Agusta 1985

Zuwa ga ɗiyata Tanna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, kina kuma shan karatun horon malamai da aka tura ku Maraɗi. Na so ki kasance nan ranar da na iso, amma aiki ya fi. Ni lafiya lau. In ce miki lafiya lau, ki ɗauka da dukan ma'anarta, don ban taɓa sanin ta ba sai bana.

Watannin da na yi a Yamai likita na duba ni sun ƙare, an sallame ni. Na kwana biyu a Korgom wurin Maimuna, na wuce nan. Kin ga gero kuwa? Daga Tasawa har gida kore shar, ya fi ni tsawo. Mai amalanke ya ce in hau, na ce ya yi gaba da jakata. Na taka daga mararraba har ƙofar gida, cikin yashi, ban tsaya ba ko sau ɗaya. Ina tafe ina jiran hakin nan da na sani tun ina yaro, kamar yadda ake jiran maƙwabci mai yawan aro. Bai zo ba.

Inna na zaune bakin ɗakinta. Na durƙusa zan gaishe ta, ta ce, "Bar gaisuwa, buɗe riga." Gaban kowa, Tanna, darekta guda! Na buɗe. Ta bi tabon da yatsa daga sama har ƙasa, ta ce ɗinkin bai kai na Zara'u kyau ba. Sannan ta ce kowa ya yi shiru, har kaji aka kora. Ta sa kunne a ƙirjina. Ta daɗe. Ta ɗago, ta juya ɗaya kunnen, ta sake sawa.

Ta ce, "Babu."

Na ce, "Mi ne babu, Inna?"

Ta ce, "Iskar. Shekara hamsin ba ɗaya ina jin ta, ko ba ka nan ina jin ta. Sun toshe salkar." Ta ja mayafi ta rufe fuska. Can ta ce, daga cikin mayafin, "Lawali, ba shi hauya. A biya mu noman da ya gudar mana."

Yaya Lawali bai yi wasa ba, ya kawo. Na yi kunya huɗu. Shi ya karɓe, wai ina sare masa gero. Yanzu duk garin Se-I-A suke kiransa, har matarsa in ta ji haushi. Na Allah ne kaɗai bai yarda ba har yau, ya ce shi dai a bi a hankali. Rumbun kuwa ana yi masa sabon jinka. Na ce kafin a zuba hatsi a duba ko akwai sauran wasiƙu.

Likitoci sun ce gadojin da suka yi ba na har abada ba ne, sai na kiyaye: ƙwaya kullum, gishiri kaɗan, man shanu sai kallo, tafiya kowace safiya. Na karɓa. A Korgom an ce mini iyalai na dawowa, darektan riƙo ya rubuta suna saba'in da ɗaya, kuma ba a buɗe ba tukuna. Ranar buɗewa ni zan tsaya a ƙofa in ƙirga su da kaina.

Ga abin da nake so ki yi, ke da za ki daɗe a aikin nan bayana. Abin da na'urar Liyon ta gani, kunnen Inna ya riga ta ji da shekara arba'in da tara, sai dai ba ta da wanda za ta faɗa wa. Tsohuwar likitar ta gaya mini cewa abin sauraren ƙirji da suke ratayawa a wuya, asalinsa takarda ce wani likita ya naɗe. To takarda kam muna da ita. Ki ɗauki kaye, littafin rubutun yara, ki naɗe shi ya zama kamar bututu, ki ɗaure da zare. Ki sa baki ɗaya a ƙirjin abokiyar kwananki, ɗan hagu da tsakiya, ɗaya bakin a kunnenki, ki toshe ɗaya kunnen da yatsa. Da fari ba za ki ji komi ba sai motsin riga. Ki yi haƙuri. Za ki ji bugu biyu, sannan hutu, bugu biyu, sannan hutu. Ki saurari mutum goma, har kunnenki ya san yadda lafiya take.

In an koma aji, ki sa yara su yi wa junansu, bibbiyu, za su yi ta dariya, ki bar su. Ke kuma ki lura da wanda ke zama a inuwa in ana tsere, wanda ake ce wa rago. Ki saurare shi da kanki. In kin ji wani shuu bayan bugun, kada ki tsorata shi, kada ki sa masa suna, ba kowane shuu ne ciwo ba, kuma ke ba likita ba ce. Ki rubuta wa likita takarda, ki ba iyayen su kai shi. Da Hausa za ki rubuta, da kalmomi cikakku, ban da baƙaƙe uku.

Ki gwada yau, kafin ki aje takardar nan, ki rubuto mini abin da kika ji. Ki aiko ta akwatin Tasawa. Makullin yanzu yana wuyan Inna.

Kawunki mai ƙaunarki,
Gazali Yakubu